Lambar da Imas Ta Ba Ni

Litinin, 3 ga Yuli

Imas ta ce jami'a za ta tafi a birnin Bandung, wai karatun lissafi. 'Yata ɗaya tilo! Ni da na fara da taka yumɓu da ƙafa har na mallaki wurin gasa bulo mafi girma a unguwar nan, wa zan bar wa? Na ce lissafin da ya wuce na jera bulo zaman banza ne. Sai ta rubuta min 524,287. "Abah, ga bulo. Jera su layi-layi daidai, kada ko ɗaya ya yi saura. Layi ɗaya dogo ba ya ciki. In ka iya, na zauna." Wai lambar ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Ni za a gaya wa jeri? Na yarda, a gaban uwarta.

Laraba, 5 ga Yuli

Uku, saura. Bakwai, saura ɗaya. Ɗaya tak, don wulaƙanci.

Asabar, 8 ga Yuli

Na wuce ɗari biyu. Ban ɓata lokaci kan lambobi masu rabuwa biyu ba, ai ba jaki ba ne ni. Matata Kokom ta ajiye min shinkafa da gasasshen kifi har suka huce. "Maigida, da kalkuleta za ka ci ne?" Ita ma bakinsu ɗaya da Imas. Wuta ta yi yawa a murhu ban lura ba, bulo ya tsattsage. Na zazzagi ma'aikata, alhali dai... to.

Lahadi, 9 ga Yuli

Shegiyar lamba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Imas ta same ni a rumfar shanya ina kan ɗari huɗu da wani abu. Na ce ko shekara zan yi sai na kai ƙarshe. Ta yi dariya, irin tawa sak, abin haushi. "Abah, tsaya a 724. In ka jera bulo layi-layi ya cika fili, ai gefe ɗaya gajere ne. 725 sau 725 ya riga ya fi bulon yawa. In gajeren gefe bai samu ba, ina dogon zai fito?" Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ga filin a idona. Shekara talatin ina jera bulo ban taɓa ganin wannan ba. Na ce ta ɓace min da gani.

Da ta yi shiru, da har yanzu ina dannawa, ita kuma tana gida.

Asabar, 15 ga Yuli

723, saura. Shi ke nan.

Talata, 18 ga Yuli

Ban ce na yarda ba. Na dai ce direba ya duba tayoyin mota, hanyar Bandung ba ta da kirki. Mang Darsa mai kawo itace ya ce, "Alhaji, ashe yarinya za ta gudu ta bar ka da yumɓu?" Na ce gudu? Ni na tura ta. Har na ɗauki tsinke na zana masa filin a ƙasa. Bai gane komai ba, daƙiƙi.