Allurar Raguna a Jikin Ɗana

Hajiya, don Allah ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Maigida lafiya lau, sai ciwon gwiwa. 'Yata Batul da jaririnta ma ƙalau. Ɗana Sadisu ne kwance a asibiti.

Tun bayan ƙaramar sallah zazzaɓi yake cinsa, ga zufa, ga haki. Likita yana zargin ƙwayar cuta ta kama masa ƙofar zuciya, amma an yi ta ɗibar jini ana ajiyewa a kwalba don a ga ko ƙwayar za ta tsiro, ba abin da ya tsiro. Ga abin da ban gaya musu ba. Ƙanen mijina Ɗantala, wanda Sadisu yake yi wa kiwon tumaki, ya yi ta ɗirka masa allurar raguna kafin mu kai shi, wai ta fi ƙarfi. Maigida ya hana ni faɗa, kar a tona asirin gida. Asirin gida! Shi kuwa Ɗantala ya zo dubiya da kankana, har da dariyarsa.

Kwalbar allurar tana hannuna. Ranar Asabar zan je kasuwar dabbobi in ɗaga ta gaban masu sayen ragon layya, in kira sunan Ɗantala da ƙarfi, in ga mai ƙara taya masa ko akuya. So nake ya ɗanɗana. Ki amsa min kafin Asabar, don na riga na rantse.

Uwa mai ƙunar zuci, Pantami

Baiwar Allah, fushinki yana kan hanya. Ɗantala ya yi ganganci, ko da taimako ya nufa. Amma kwalbar nan likita ya fi 'yan kasuwa bukatarta, ki kai masa yau. Allurar raguna galibi maganin kashe ƙwayoyin cuta ce, irin wannan magani kuwa in ya riga ɗibar jini shiga jiki, yakan hana su tsirowa. Ki kuma gaya masa Sadisu cikin tumaki yake wuni, don wasu ƙwayoyin da ake ɗauka daga dabbobi da wuya suke tsirowa a kwalba. Akwai gwajin da ke duba yadda jini ya yaƙe su, akwai sabo mai gano ɓurɓushinsu ko sun mutu. Ki tambaya ko za a yi a nan Gombe, ko a aika jinin wani gari.

Maigida kunya yake gudu, amma rai ya fi kunya. Rantsuwa kuwa tana da kaffara. In Sadisu ya miƙe, ki sa manya su zaunar da Ɗantala, a raba shi da yi wa mutane allura. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.