Wandon babur ɗin da na saya wa maigidana yana dawowa gida ba ko ƙura

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wanga gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu hawa babur da matansu, domin ni dai tunanina ya ƙare, na gaji.

Ni matar aure ce a Tambuwal, ɗiyanmu fuɗu. Maigidana aikin allurar dabbobi yake yi, shanu da tumaki da awaki. Ba shago yake zama ba, shi ke bin su inda suke, yau Sanyinna, gobe ƙauyukan Kebbe, wani lokaci har bayan Fakku cikin rugage, duk a kan babur. Wanda ya san hanyoyin can ya san abin da nake nufi, burji ne da yashi da ramuka, in damina ta yi kuma sai wanda Allah ya tsare. Shekara goma sha ɗaya yana wanga aiki, kullum shigarsa ɗaya ce, kaftani mai haske da wandonsa, da hula, da akwatin magani ɗaure a baya. In zai hau ya tattare rigar ya zauna a kanta, shi ke nan.

Daminar da ta wuce, yana dawowa daga wajen Kebbe, ƙafar wandonsa ta shiga cen, wato sarƙar babur. Wandon tela ne mai faɗin ƙafa irin wanda duk mazanmu ke sawa. Babur ya kayar da shi ya ja shi a kan tsakuwa. Alhamdulillahi ba karaya, amma fatar gwiwarsa ta hagu har zuwa ƙwauri ta tafi, wandon kuwa ya zama kamar tsumman goge tukunya. An wanke mishi a asibiti, sauran jinyar ni na yi ta. Kwana da kwanaki ina ganin ƙananan tsakuwa suna fitowa daga ciwon. Mako bakwai yana sallah a zaune ƙafa miƙe, mutumin da ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba in yana gari. Ba ya kuka, amma in na zo cire bandeji sai ya juya fuska bango yana salati a hankali. Wanga hoton har yau bai bar idona ba. Ga kuma gida tsaye cak, domin ranar da bai fita ba, ba abin da ke shigowa.

A cikin jinyar nan ne na fara bincike a waya, na ga ashe akwai wando na musamman da ake yi wa masu babur, yadinsa mai kauri wanda ba ya yagewa da wuri, da wani abu mai tauri a gwiwa da ƙugu. Da na ga kuɗin sabo sai na kashe wayar na tashi na hura wuta. Na yi wa yayana da ke Sakkwato magana, ya ce zai duba wajen masu gwanjo. Bayan mako biyu ya turo mini hotuna guda biyu daga wajen mutum ɗaya. Na farko baƙi ne, kamar jins, amma yayana ya ce da ya taɓa gwiwar soso ne kawai a ciki, yadin ma ba kauri sosai. Na biyu kore ne mai duhu, da aljihu a cinya, gwiwarsa kamar ƙoƙo, ya ce wanga shi ne orijinal, ko wuƙa sai ta yi da gaske. Ni kuwa tsakuwar nan kawai nake gani, ban tsaya tunanin kala ba, na ce a kawo koren. Akuyar da Innata ta ba ni tun haihuwar fari, ita na sa anka kai kasuwa. Ban gaya wa maigidana ba sai da wando ya iso.

Ranar da na ba shi mun ɗan sami saɓani. Ya fara da faɗan akuya, ya ce don me zan sayar da abin da uwata ta ba ni ba da saninsa ba. Daga nan ya koma kan wandon, ya ce a zafin ƙasar nan wa zai shiga cikin wanga buhu, ya ce ƙafarsa matsattsiya ce ba ta naɗuwa in zai yi alwala, gwiwar kuma in ya yi sujada kamar ya durƙusa kan faranti. Ya ce abokansa na bakin masallaci za su ce Malam ya koma ɗan tseren babur da tsufansa. Ni kuma na ce mishi su abokan ba su ne sunka wanke mugunya mako bakwai ba. Na san maganar ta yi nauyi, na ba shi haƙuri daga baya, amma a lokacin kuka ya riga ya zo mini. Da ya ga haka sai ya ce to baiwar Allah, zan sa, ki share hawayenki. Na nuna mishi zif ɗin da ke gefen ƙafa wanda in an buɗe ana iya wanke ƙafa, ya gwada, ya yi dariya ya ce masu abin ma ashe sun san da alwala.

Da ya warke ya koma aiki, kullum da safe a gabana yake sa shi, ni ke ja mishi zif ɗin ƙafa, in yi mishi addu'a ya fita. Da la'asar ko gab da magariba ya dawo da shi a jikinsa. Hankalina ya kwanta, har barcin rana na koma yi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wanki. Duk matar mai babur ta san yadda kayan miji ke dawowa, jar ƙasa har cikin ɗinki, ruwan farko kamar kunun kanwa. Rigarsa tana dawowa haka, hularsa haka, amma wando fes. Mutum ya wuni a rana cikin wanga kauri, a ce ba warin zufa? Sai kuma na lura da wasu layuka biyu a kan cinyar wandon, a kwance, kullum wuri ɗaya. Na daɗe ina kallonsu kafin na gane sawun robar da yake ɗaure akwatin magani ne. Da na duba cikin jakar da yake sa igiya da safar hannu, sai ga tsohon wandonsa na yadi a naɗe, ja wur da ƙasa. Ashe in ya fita gari sai ya tsaya ya canza, ya ɗaure nawa a bayan babur, in ya kusa gida ya sake sawa.

Wallahi ban yi fushi ba. Kwana tara ina ja mishi zif da safe ina addu'a, na san ƙarya muke yi mu biyu, shi yana yi don kada in damu, ni ina yi don kada ya ji kunya. Rana ta goma na kasa, bayan ya ci abinci yara sun fita, na ɗauko tsohon wandon na wanke na goge na ajiye a gabansa.

Ya kalle shi. Na zaci zai ce zafi ne, na ma shirya amsata. Sai ya ce ba zafi ba ne, zafi ya iya jurewa. Ya ce ranar farko da gaske ya tafi da shi, ya nufi wata ruga da ya shekara tara yana yi musu allura. Tun daga nesa da sunka hango babur da mutum da koren wando mai aljihu da gwiwa irin ta masu kaki, mata sunka kwashi yara sunka faɗa cikin gero, wata har ta bar ƙwaryar nono a ƙasa ta zube. Dattijon rugar ya fito shi kaɗai yana tafiya a hankali hannuwansa a buɗe. Da ya gane shi sai ya zauna a ƙasa, ya ce Malam, kai ne ka yi muna haka? Ranar ba su fito mishi da shanu da sakin jiki ba. A hanyar dawowa kuma anka tsayar da shi a wani shinge, anka tambaye shi inda ya samo wandon da kuma wa yake yi wa aiki, sai da wani da ya san shi ya sa baki.

Ya ce mini, kin san halin da dajin can ke ciki yanzu. Abin da ke tsare ni bayan Allah shi ne tun daga nesa kowa ya san ni ne, mai allura ne da farar rigarsa. In na shiga da kayan da ba a gane ni ba, wani ba zai jira in iso ya tambaya ba. Ya ce ba faɗuwa kaɗai nika tsoro ba. Sannan ya tambaye ni, cikin natsuwa, ba da gatse ba, ya ce ke ki zaɓa mini, hanya ko mutane, duk wanda kika ce shi zan bi. Har yau ban ba shi amsa ba.

Ba zama na yi ba, na gwada dabaru. Na aika wandon wajen mai rini ya ce irin wanga yadi ba ya kama baba, kuma ko ya kama siffar tana nan. Na ce da maigidana ya ɗora wandon yadi a sama, ya gwada kwana biyu don ni, ya dawo cinyoyinsa duk ƙuraje. Telan unguwarmu, dattijo ne mai gaskiya, ya ce zai iya ɗinka mishi wando irin namu mai matsattsiyar ƙafa, ya ninka yadin jins a gwiwa da ƙugu daga ciki, har ya ce in na yarda ya farke koren ya ciro abin gwiwar ya dasa a ciki. Amma ya ce hajiya kada in ruɗe ki, zarena na kaftani ne, ban san ko zai jure tsakuwa ba. In kuwa anka farke koren, shi ke nan, ba mayarwa, akuyar Inna ta tafi a banza in abin bai yi ba.

Mai gwanjon kuma ya ce da yayana in an mayar da koren lafiya kafin ƙarshen makon nan zai canza muna da baƙin, ba zai mayar da ko sisi ba duk da koren ya fi tsada. Baƙin ba ya tsorata kowa, amma soso ne. Abin da ya rage a hannuna na kuɗin akuya bai wuce ladan tela ba, ba zan iya yin biyun ba, kuma ba ni da wata dabbar da zan sayar.

To 'yan uwa, wanne zan yi? In karɓi baƙin mai soso, ko ba komai ya fi yadi? Ko in bar tela ya farke mai kyan ya ɓoye shi cikin wandon gida? Akwai wanda ya taɓa faɗuwa da irin ɗinkin tela ya gaya mini gaskiya ko yana riƙewa? In akwai wata dabara da ban sani ba wadda ba ta cin kuɗi, don Allah ku faɗa. Masu cewa in bar wa Allah, na bar mishi tun ranar farko, amma ni ce zan riƙe bandeji.

Yau da safe ya fita da wandonsa na yadi, koren yana rataye a ƙusa. Har ya tayar da babur na ce ya tsaya, na ciro robar gashin ƙaramar ɗiyata guda biyu na durƙusa na ɗaure mishi ƙafafun wandon don kada cen ya sake kamawa. Robar ruwan hoda ce. Ya duba, bai cire ba, ya tafi. Iyakar abin da na iya yi mishi ke nan yau, kuma jibi Fakku za shi. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa mini da alheri, ya tsare muku naku da ke kan hanya.