A Cire Mahaifiyata Daga Layi

Daga: Sabuwar Farfesa, Sashen Tattalin Arzikin Kiwon Lafiya
Zuwa ga: Mai girma Magatakardan Jami'a
Ranar Litinin, 3 ga Maris

Game da: Tsarin zama a laccata ta kama kujerar Farfesa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa idan takardar nan ta fita daga tsari. Tun ranar 24 ga Fabrairu da aka tabbatar mini da matsayin Farfesa bakina ya ƙi rufuwa. Har mai gadi na gaisar sau uku da safen nan. Duk da haka ina da ƙorafi:

1. Sanarwar ofishinka ta ranar 28 ga Fabrairu ta ce iyalan mai lacca za su yi layi a ƙofar baya, su shiga bayan manyan baƙi sun zauna, su nemi wuri a ƙarshen zaure.

2. Ina tunatar da kai cikin ladabi cewa taken laccar shi ne "Tsadar Jira a Asibiti". A kan mahaifiyata na fara binciken. Tela ce, kuma duk ranar ganin likitan hawan jini takan rufe shago ta wuni a kan benci, masu ɗinki su koma wajen wani. Wannan asarar da ba ta fitowa a rasit na yi shekaru ina aunawa a asibitocin ƙasashe masu tasowa.

3. An ware wa shugabannin sassa sahun gaba, ciki har da nawa, wanda ya taɓa kiran aikina "ƙidayar benci". Ranar Juma'a ya ce mini Farfesa, na yi kamar ban ji ba har ya maimaita. Wallahi na yafe masa. Amma kowa ya san barci yake yi a lacca, ita kuwa Inna kunnenta ya yi nauyi, daga baya ba za ta ji komai ba.

4. Ta ɗinka wa kanta sabon kaya, ta gayyato rabin unguwa. Da na karanta mata sanarwar sai ta yi dariya, ta ce in dai layi ne ai ta saba, kada in ɓata da manya, za ta zo da 'yar kujerar da take zuwa asibiti da ita. Ranka ya daɗe, a nan murnata ta tsaya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Saboda haka ina roƙon a ba ta kujera ɗaya a sahun gaba, a shigo da ita ta babbar ƙofa. Idan tsari bai yarda ba, ina sanar da kai cikin girmamawa cewa zan sa rigata da hulata na Farfesa in tsaya tare da ita a layin. Sai a miƙo mini lasifika can.

Ka huta lafiya, tare da dukan biyayya.

Taka mai ladabi,
Farfesa (a yi haƙuri, ina son rubuta shi),
'yar tela