Takardar da Baba Ya Ɓoye a Hula

Laraba da dare, Gashua

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Makon jiya a Kano aka sa wa Baba wasu ƙananan alamomi ta dubura, waɗanda za su nuna wa na'ura inda za ta gasa, shirin gashin kansar mafitsara. Likita ya ba shi takarda: in zazzaɓi ya zo a garzaya asibiti, don ƙwayoyin cuta na iya shiga jini. Baba ya koma gida Nguru, zazzaɓi ya rufe shi, ya ce maleriya ce. Kwana uku mai kemis yana ɗirka masa allura.

Yau da aka kawo shi asibitinmu ko Inna bai gane ba. Ina cire masa hula takardar ta faɗo, a ninke.

Shekara goma ina aikin jinya, na wanke tsofaffin da ko sunansu ban sani ba. Amma ubana ya kasa gaya mini, wai ni ce 'yar fari. Inna ma ta sani. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai: "Ta yaya zai ambata miki wurin?"

An ɗage gashin. Kuma babu namiji a bakin aiki, da hannuna na sa masa robar fitsari.