Kwalba Mai Ɗumi da Kwalba Mai Sanyi

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jaririyarmu da ban gani ba tukuna. Kada ki ce me ya hana ni kira. Kin san a waya bakina rufewa yake, gara takarda.

Yau kwananmu tara a asibiti. Hoto ya nuna ruwa ya taru a gefen huhun Umma na dama, shi ya sa ba ta iya kwanciya sai ta wannan ɓarin. An gwada kakinta sau biyu, ba a ga komai ba. Likita ya ce ƙwayar tarin fuka ba kasafai take bari a kama ta ba, don haka sawunta za su nema a cikin ruwan, wato wani sinadari da sojojin jiki ke zubarwa in suna faɗa da ita. In lambarsa ta haura arba'in, kusan tabbas tarin fuka ne, wata shida na magani ta warke. In ta yi ƙasa, sai a fara neman wani abin. Bai kira sunansa ba, amma na ji nas ta ce ciwon daji. Yaya, tun da ya ce sawu tsigar jikina ke tashi, kamar ki share ɗaki ki kulle, ki dawo ki tarar da tafin ƙafa a tsakiya.

Akwai wata tsohuwa a gadon bakin taga, ita ma ruwan ne, kuma ba mai jinyarta. Amaryar Littafi take kirana, wai kullum ta ɗago sai ta ga ina yi wa littafin soyayya murmushi, in angon ya fito daga shafin in ce ya zo gaisuwa. Umma har dariya ta yi tana dafe da haƙarƙari. Amma in tsohuwar ta yi shiru, ko da rana tsaka, ba na jin numfashinta sam, idonta kuwa a kaina.

Da safe aka ɗebi ruwansu su biyun, rawaya kamar shayi marar madara. Ni na kai ɗakin gwaji. Ki taya mu addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jego? Sakamako ya fito: Umma saba'in da takwas, tsohuwa goma sha ɗaya. Baba ya yi ta hamdala, ban taɓa ganin ana murnar tarin fuka ba sai ranar. An fara ba Umma magani, an mayar da tsohuwa wani ɗaki. Da za a tura ta a keken marasa lafiya ta kama yatsana ta ce, "Kin kai mana saƙo, Amarya." Hannunta kamar ƙarfen gado.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar, takardun manna suna sun ƙare, sai nas ta naɗe kowace kwalba da takardar mai ita, ta ɗaure da 'yar roba, ta ce in riƙe haka kada in taɓa. Layin ɗakin gwaji ya yi tsawo, gumin hannuna ya fara jiƙa rubutun. Sai na warware takardun na sa su a tsakiyar littafina don su bushe. Kuma na shiga karanta littafin, Yaya. Wurin da saurayin labarin ya dawo neman gafarar budurwarsa ne, na ce shafi ɗaya kawai. Da aka kira ni na duba cinyata, kwalba biyu iri ɗaya, ban san ta wa ce ta wa ba. Ɗaya da ɗumi, ɗaya sanyi ƙalau. Na naɗa sunan Umma a mai ɗumin, don zuciyata ta fi so.

Jiya ina shanya na tuna: Umma aka fara ɗiba. Na tsohuwa yana fitowa daga jikinta aka miƙo mini. To ai nata ne ya kamata ya yi ɗumi.

Ke nan wataƙila Umma na shan maganin ciwon wata, wata kuma na can da lambar Umma. Ba wanda aka kawo gadon taga, amma katifar ba ta tashi ba, har yanzu da ramin kafaɗarta. Ina jin tsoron nas, ina jin tsoron Baba. Gobe zan faɗa.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, ki sumbaci jaririya. Na faɗa. Nas ta ce a ƙone littattafan nan kowa ya huta, sannan ta ce laifinta ya fi nawa. Baba ya juya mini baya, wannan ya fi duka zafi. Aka sake soka wa Umma allura a baya saboda ni, tana cije leɓe tana cewa ba komai, Auta. Kwana biyu ina roƙon Allah babbar lambar ta zama tata.

Tamanin da ɗaya. Tata ce, Yaya. Ban yi kuskure ba. Zazzaɓin ya sauka, yau har ta kwanta ta hagu.

Na ruga in gaya wa tsohuwa, aka ce tun washegarin da aka mayar da ita ta rasu. A bakin ƙofar na gane cewa lamba biyu ce kawai, duk lokacin da na roƙa wa Umma babbar, ƙaramar nake tura mata.

Na tambayi likita yadda ruwan da ya fito daga jikin mai rai yanzu-yanzu zai yi sanyi haka. Ya ce ƙila ɗayar na fi damƙewa. Na ce to. Amma tun kafin in warware takardun, tun a hannun nas, na ji sanyin nan ya ratsa takarda ya taɓa ni.

Ki sa ta a addu'a. Ban ma san sunanta ba, ga shi kuwa ya kwanta a littafina, gumina ya bar shatarsa a shafin. Na kasa buɗewa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta