Ni Na Ba Da Auren Hafsatu

Assalamu alaikum Yaya Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara. Yaya zaman Kumasi, yaya gwiwar? Mu nan Mabera lafiya lau. Kunnuwana suna nan yadda kika bar su, ado kawai suke yi.

An ɗaura auren Hafsatu, 'yar marigayi ƙaninmu. Ana gobe ɗaurin aure Kawu Bello ya turo mini saƙo cewa shi zai yi walicci, wai kurma ba zai ji lokacin da aka nemi auren ba, zan kunyata dangi. Na rubuta masa cewa ni na riƙe yarinyar nan tun tana rarrafe, kuma duk karatuna ban ga inda aka ce da kunne ake ba da aure ba.

Da aka taru a ƙofar gida, na zauna gwiwa da gwiwa da wakilin ango, hannunsa cikin nawa, idona a kan bakinsa. Yana gama nema ya matsa hannuna. Na ce, "Na ba shi!" An ce har mai shayin bakin titi ya waiwayo. Kawu ya yi ta yi mini alama in rage murya, na yi kamar ban gani ba.

Da yamma Hafsatu ta rubuto mini: "Baba, daga cikin ɗaki na ji ka."

Ki sa su a addu'a, ki gaishe da kowa. Saƙon murya kuma ki daina turowa, ki rubuto.

Ƙaninki,
Umaru