Waƙar da Aka Sa Nana Ranar Sadakar Uwarta

Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Yaya jikinka, yaya aiki a Arlit? Ina Hadiza da yara? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ƙanwarmu Rabi.

Abin da mijinta Isuhu ya yi ranar sadakar arba'in ne ya sa na rubuto. Ka san tun da 'yarsu Nana ta fara waƙa a gidajen biki ya cire ta daga lakwal, ya raba ta da karatun boko. To ran nan muna rabon gumba, malamai ba su ko shafa fatiha ba, ya zaunar da yarinyar a ƙofar ɗakin uwarta. Ya yafa mata gyalen marigayiya, ya saita waya zai ɗauki bidiyo, ya ce ta rera waƙar maraici. Ta rera. Ya duba, ya ce hawayen bai fito sosai ba, a sake.

Na ce, "Isuhu, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Yaya Binta, ba ki san harkar ba. Ba don ni ba, wa ya san ta?"

Na fizge gyalen, na ja hannunta zuwa gidana. Wai ranar kasuwar Dungas zai zo ya wuce da ita Kano wajen 'yan fim. Kai ne kawunta, kai kaɗai yake shakka. Ka kira shi. In ya zo, a bakin ƙofa zai same ni.

Ka gaida mutanen gida, ku sa Nana a addu'a. Jiya ta tambaye ni ko za ta iya kukan uwarta ba tare da an ɗauka ba.

Ƙanwarka,
Binta